Hoton da Ya Nuna Iyakar Gonarmu

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma ranar da na tsaya a tsakiyar gonar kakanmu da kyamara a hannu, mahaifina na gefe guda, ƙanensa na ɗaya gefen, wannan kam ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar ’yan mata kusa da Bici. Ranar Asabar da Lahadi kuma ina ɗaukar hoto a gidajen biki, ɓangaren mata, inda ba a son namiji ya shiga. Ƙauyenmu yana kan hanyar Watari, kuma duk wanda ya san yankin ya san gona manne take da gona, babu tafin ƙasa da ba shi da mai shi. Kunyar noma ɗaya sai ta haɗa mutane faɗa.

Da kakanmu ya rasu aka raba babbar gonarsa tsakanin Baba da Baffa, ƙanensa. Rabon bai yi wuya ba, don tun yana raye ya dasa layin gamba a tsakiya ya ce nan ce iyaka. Shekaru suka wuce lafiya, har wata shekara aka ɗauko hayar tarakta, direban bai san wurin ba, ya bi ta kan gambar ya tumɓuke ta tas. Daga nan kowa ya ci gaba da noma inda yake zaton nasa ya tsaya. Baba ya ce nan ne, Baffa ya ce a’a, an ci masa kunya uku.

Maganar ta yi ta girma a hankali. Aka daina aika kwanon tuwo tsakanin gidajen biyu. Baffa ya koma yin sallah a masallacin bakin kasuwa don kada su haɗu a sahu. Bayan shekara huɗu, da bazara ta zo, ana sharar gona, sai muka ji ya ce zai kai ƙara kotu. Baba ya ce to, a haɗu a can. Ni dai na san idan aka shiga kotu, ko wa ya yi nasara, zumuncin ya tafi ke nan.

Wata Juma’a na je gaishe da Goggo, yayarsu su biyun, na tarar ta fito da wani tsohon hoto daga cikin kwalla. Wani malamin gona ne ya ɗauka shekaru masu yawa da suka wuce, shekarar da gyaɗar kakanmu ta yi kyau. Ga tsohon nan tsaye da fartanya a kafaɗa, ƙafarsa daidai gindin gambar, layin ya miƙe a bayansa. Can baya ana ganin bakin rijiyar siminti, bayanta kuma tsohon siton taki. Dukansu biyu suna nan har yanzu.

“Na nuna musu,” in ji Goggo. “Kowa ya ce hoton shi ya ba gaskiya. Ke da kika yi boko, babu abin da za ki iya yi da shi?”

Na ce mata, “Goggo, idan na gano inda mai hoton ya tsaya, na kuma gano irin gilashin da ya ɗauka da shi, zan iya sake ɗaukar hoton nan sak. Sai a ɗora sabon a kan tsohon a ga inda gambar take.”

Ta ce, “Ban gane ba, amma yi.”

Ga wanda bai san harkar ba, kowane gilashin kyamara yana da lamba ta milimita a jikinsa. Ƙaramar lamba tana kwaso wuri mai faɗi, abubuwa su fito ƙanana. Babbar lamba tana jawo abu kusa, ta tsuke wurin. Idan lambar ta saɓa, hotuna biyu ba za su hau juna ba ko da a wuri ɗaya aka tsaya.

Washegari da safe na tafi gonar da tef na awo. Faɗin bakin rijiyar mita biyu ne, fuskar siton mita huɗu, tsakaninsu mita goma sha bakwai. Na dawo gida na ɗora rula a kan hoton, sai na ga wani abu da ya faranta mini rai: a hoton, faɗin rijiyar da faɗin siton daidai suke. Abin da ya ninka wani a girma amma ya fito daidai da shi, to ya ninka shi a nisa ke nan. Wato mai hoton ya tsaya mita goma sha bakwai gaban rijiyar.

Saura gilashin. Rijiyar ta ci kashi ɗaya cikin shida na faɗin hoton. Fim ɗin da ake amfani da shi a da faɗinsa milimita talatin da shida ne, don haka rijiyar ta fito milimita shida a jikinsa. Na ninka shida da nisan, sha bakwai, na raba da faɗin rijiyar, biyu. Hamsin da ɗaya. Gilashin hamsin ke nan, irin wanda yawancin tsofaffin kyamarori ke zuwa da shi. Na yi murna har na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki. Yanzu in na tuna murnar nan dariya nake yi, don ban san abin da ke jirana ba.

Goggo ce ta je wurin mai unguwa, shi kuma ya kira su. Baffa ya so ya ƙi. Ya ce, “’Yarsa ce fa, ranka ya daɗe. Ta yaya ’ya za ta ɗauki hoton da zai kayar da ubanta?” Mai unguwa ya ce a zo dai a gani, in bai gamsu ba hanyar kotu tana nan. Shi kuwa Baba, ranar da aka sa, da za mu fita sai ya ce mini, “Uwata, yau ki nuna masa.” Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Maganar ta yi mini nauyi a ƙirji, don sai a lokacin na fara tambayar kaina: in hoton ya nuna Baffa ke da gaskiya fa?

Hantsi ya yi, rana ta fara zafi, mutane sun taru fiye da yadda na zata. Na auna mita goma sha bakwai, na kafa ƙafar kyamara, na ɗaga ta daidai tsayin idon namiji, na ɗaura gilashin hamsin na ɗauka. Na sa hoton a kwamfuta a ƙarƙashin inuwar ɗorawa, na ɗora shi a kan tsohon da na riga na kwafa a cikinta.

Bai hau ba. Ko kusa bai hau ba. Rijiyar ta fito ƙatuwa, rabin siton ya fita daga hoton gaba ɗaya.

Na sake auna nisan, daidai yake. Na sake ɗauka, haka dai. Na ji wani daga baya yana cewa, “Dama aikin yara ne.” Baffa ya karkaɗe rigarsa ya ce, “Ranka ya daɗe, na zo don girmanka, yanzu zan tafi.” Na ga kunya a fuskar Baba, ’yarsa ta tara jama’a a banza.

Goggo ta daka wa Baffa tsawa. “Kai, zauna! Ai ba ta ce ta gama ba.” Sannan ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. “Sha ruwa tukuna. Kada ki dubi kowa, dubi aikinki.”

Na karɓi ruwan na sha, na zauna a kan saiwar ɗorawar na buɗe takardar lissafina, na bi ta layi-layi. Nisan daidai. Faɗin rijiya daidai. Da na zo kan talatin da shida sai na ga kuskuren. Wannan faɗin fim ɗin malamin gona ne, ba na kyamarata ba. Farantin da ke kama haske a cikin tawa ƙarami ne, milimita ashirin da huɗu. Na gano gilashin da shi ya yi amfani da shi, na manta ban gano wanda ni nake bukata ba. Abin da nake koya wa ɗalibai a aji, shi ya kuɓuce mini a gona.

Kashi ɗaya cikin shida na ashirin da huɗu, huɗu ke nan. Huɗu sau sha bakwai, a raba biyu, talatin da huɗu. Na cire gilashin hamsin na ɗaura wanda ake murzawa a canza lambarsa, na murza shi ya tsaya gab da talatin da biyar. Na ɗauka, na ɗora.

Rijiya ta hau kan rijiya. Sito ya hau kan sito, har tsagar da ke jikin bangonsa. Na ce “Alhamdu lillahi” da ƙarfi ban san na faɗa ba.

Mai unguwa da kansa ya ɗauki sanda ya shiga gonar. Ina ɗauka, ina dubawa, ina ce masa ya matsa gabas kaɗan, ya ɗan dawo baya. A karo na biyar ƙafarsa ta sauka daidai kan ƙafar kakanmu. Ya kafa sandar. Muka sake yi a can ƙarshen layin gambar, ya kafa wata. Da na ɗaga kai na dubi sandunan biyu, sai murnata ta koma ciki. Kunya uku cikin abin da Baba yake nomawa.

Mai unguwa ya ce, “Malama, me hoton ya ce?”

Na ɗauki kwamfutar na durƙusa gaban Baba na ce, “Baba, ka duba da idonka.” Na san zai iya cewa ƙarya ce, ko ya ce na ci masa mutunci a gaban ƙanensa. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ga mahaifinsa da fartanya, ga mai unguwa da sanda, sun zama kamar mutum ɗaya.

Ya ce, “Uwata, kin tabbata?”

Na ce, “Na tabbata, Baba.”

Ya miƙo mini kwamfutar, ya miƙe ya je wurin sandar ya tsaya. “Nan mahaifinmu ya tsaya,” in ji shi. “To shi ke nan. Shekara huɗu ina cin abin da ba nawa ba ban sani ba.” Ya juya ya dubi Baffa. “Ka yafe mini.”

Ni na zaci Baffa zai yi murna. Sai na ga ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Yaya, ni ne zan nemi gafara. Ni da na ce zan tsayar da kai gaban alƙali.” Goggo ta fashe da kuka tana zaginsu su biyun, wai tsofaffin banza, sun sa ta shekara huɗu tana raba gaisuwa gida biyu. Jama’a suka kwashe da dariya. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina sauke numfashi kamar wadda aka sauke wa buhu daga ka.

Da ruwan farko ya sauka, su biyun suka dasa sabuwar gamba daga sanda zuwa sanda.

Na koyi in riƙa duba kayan aikin da ke hannuna kafin in amince da lissafin da ke kan takarda. Amma babban abin da na koya ya wuce wannan. Na je gonar nan ina tsoron kada gaskiya ta raba ni da mahaifina, ashe ni ce ban san shi ba. Mutane da yawa da muke ganin suna da taurin kai, ba zalunci suke so ba, sun yi imani ne su ke da gaskiya, kuma babu wanda ya nuna musu abin da idonsu zai gani. Tun daga ranar na daina ɓoye wa wanda nake ƙauna gaskiya don tsoron ba zai iya ɗauka ba.