Kalmar da Na Koya wa Ɗana

Ɗana na fari ya cika shekara uku bai fara magana ba. Yana ji sarai, amma in yana son ruwa sai dai ya ja mini zane ya nuna randa. Na hau moto da shi daga Korgom zuwa likita a Tasawa. Matar da ta duba shi ta ce, "Kunnensa lafiya lau. Ki riƙa gaya masa duk abin da kike yi, ki kuma jira shi ya amsa."

Haka na zama mai surutu. Ina daka ina ce masa ga hatsi, ina ba awaki dusa ina ce masa ga akuya, har maƙwabta na mini dariya. Amma kalmar da na fi nanata masa ita ce Baba, domin maigidana yana ci-rani a Agadas, kuma duk sanda ya kira sai ya ce, "Ya fara? Kara masa wayar, ko numfashinsa in ji."

Kafin damina zazzaɓi ya ɗauke maigidan a can. Ko gawarsa ban gani ba.

Ina cikin takaba ƙanensa ya shigo gaishe ni, sanye da rigar marigayin da aka ba shi. Yaron ya saki hannuna, ya ruga ya rungume ƙafarsa, ya ce, "Baba."

Ƙanen mijina ya ɗauke shi, ya juya fuska ga bango. Na so in yi murna, na kasa. Da ƙyar na ce, "Madalla, yarona, ƙara faɗi."