Katin da Ke Aljihun Mai Fanka

Yayana mutum ne da idan abu ya shiga ransa ba ya taɓa shi. Haka Allah ya yi shi, na yi faɗa a kan wannan hali har bakina ya gaji. Ka ba shi rigar da ba ta burge shi ba, washegari za ka gan ta a jikinsa, ba zai cire ba sai ta koɗe. Ka ba shi wadda yake so, ta shiga akwati ke nan. Akwai wani takalmin fata da marigayiya matarsa ta saya masa, ya ajiye shi cikin kwalinsa a saman wadrob shekara da shekaru. Ranar da muka matsa masa ya sa, bai kai bakin titi ba ƙasan takalmin ya ɓare ya bar shi a tsaye. Ya dawo da shi a hannu, ya goge, ya mayar cikin kwalin.

Kowa a layinmu Mai Fanka yake ce masa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da fenti, idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Fankoki rataye a sama, dutsen guga jere a kan kanta, ko'ina warin dalma da ƙonanniyar waya. Yana da wata hanyar aiki da take ba mutane haushi: ba ya tambayarka me ya samu fankarka. Kana cikin bayani zai ɗaga maka hannu, ya jona ta, ya rufe ido, ya kara kunne. Sai ya gama sauraro zai ɗauki sukurdireba. Na taɓa ce masa, "Yaya, mai abu fa ya fi ka sanin abinsa." Ya ce, "Mutum yana faɗin abin da yake zato ne. Inji abin da ke akwai yake faɗi." Na yi tsaki na bar shi.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, muna ce masa Dogo, don tun yana ƙaramar sakandare ya wuce ubansa tsawo. Uwar ta rasu yaron yana ƙarami, ni da Yaya muka raine shi, ni wanki da girki da masifa, shi kuɗin makaranta da shiru. Dogo ya yi karatu, ya samu aikin akanta a wani kamfani a gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Halinsu ɗaya sak, kamar an tsaga kara. Za su iya zama a ɗaki tun safe har rana ta karkata, ba wanda zai ce wa wani uffan, kuma kowa ya tashi da jin an sha hira.

Abin da ya raba su bai kai ya kawo ba. Dogo ya zo hutu, ya leƙa shago, ya tarar hannun uban yana rawa a kan ƙarfen dalma har ya ƙona yatsa. Tausayi ne ya kama yaron, na sani, amma bakinsa bai iya tausayi ba. A gaban Mai Fenti da wata mata da ta kawo gyaran injin markaɗe ya ce, "Baba, ka rufe shagon nan haka. Nawa kake samu a wata? Ni zan riƙa ba ka ninkinsa."

Yaya ya ajiye ƙarfen a hankali. Ya ce, "Da wannan ƙarfen na yi maka makarantar da kake min lissafi da ita. Ka riƙe kuɗinka. Ko sisinka ba zan ci ba."

Washegari Dogo ya tafi. Daga nan waya ta ɗauke a tsakaninsu. Uba ya ce yaro ne ya kamata ya kira, yaro kuma yana tsoron ya kira a kashe masa. Ni ce a tsakiya, ina kiran Dogo ina zuba masa ruwan faɗa: "Ka kira ubanka, ɗan nema." Ya ce, "Zan kira, Goggo." Har ya fara ƙin ɗaga wayata, kuma ban ga laifinsa sosai ba, ni ma da ni ce da na gaji da ni.

Bayan wasu watanni wani direba ya kawo ambulan shago, ya ce daga Dogo. Ba komai a ciki sai ɗan katin roba mai launin shuɗi, na wannan babban kantin da ke bakin shataletale. Katin kyauta ne, irin wanda ake zuba wa kuɗi, ka je kantin ka ɗebi kaya ka biya da shi, wanda ya saya kuma yana iya ƙara masa kuɗi daga duk inda yake. Yaya ya jujjuya shi, ya ɗaga shi sama ya duba kamar zai hango kuɗin a ciki. Ya ce, "To ta yaya ake sanin abin da ke cikinsa?"

Na raka shi kantin. Daga shiga, hannun hagu, akwai teburin da ake amsa tambayoyi, wata mata mai gilashi ce ke zama a wurin. Ta karɓi katin, ta goga a na'ura, ta faɗa masa abin da ke ciki. Kuɗi ne mai kauri. Na zungure shi na ce, "Sai mu ɗauki keken sayayya, ko katifa ka canza, wannan taka ta zama tabarma." Ya karɓi katinsa, ya zaro hankici, ya naɗe shi, ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Mu je gida."

Na ɗauka fushi ne. Sai da wata ya kama na gane ba haka ba ne. Ya shigo gidana da yamma, abin da ba ya cika yi ba, ya zauna a kujerar bakin taga, na kawo masa shayi. Ya kurɓa sau biyu sannan ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ya ƙaru."

"Me ya ƙaru?"

"Katin. Na koma an duba. Yaron ya ƙara." Ya ƙara kurɓar shayin, sannan ya ce, "Ke nan yana nan lafiya, kuma yana wurin aikinsa."

Tun daga nan ya samu abin yi. Duk farkon wata zai rufe shago da wuri, ya wanke baƙin man da ke hannunsa da omo, ya sa rigarsa ta biyu a kyau, don ta farkon tana akwati, ya taka zuwa kantin. Ya bi layi a bayan masu mayar da kaya da masu ƙorafi, ya warware hankici, ya miƙa kati. Matar ta faɗi adadi, ya gyaɗa kai, ya naɗe, ya fito. Ko ashana bai taɓa saya ba. Masu gadin ƙofa har sun daina duba hannunsa. Mai Fenti yana tsokanarsa, "Mai Fanka, yau ma za a je gaida kati?" Sai ya yi murmushi ya ja ƙofar shago.

Na ce masa, "Yaya, wannan wace irin wahala ce? Ga waya a aljihunka. Ka danna ka ji muryarsa mana."

Ya ce, "Idan na kira zai ce lafiya lau ko da ba lafiya. Wannan kuwa ba ya ƙarya."

"To ka kashe ko kaɗan ne. Don ka ci aka turo."

Ya dube ni kamar na ce ya ƙona shagon. "Guminsa ne fa. Duk wata sai ya tuna da ni ya cire. In je in mayar da shi sabulu da sukari?" Daga nan ya haɗa ni da Allah kada in gaya wa Dogo yana zuwa dubawa, wai kada yaro ya ce ubansa yana ƙirga masa kuɗi. A lokacin ma Dogo ba ya ɗaga wayata, balle in faɗa.

Haka aka yi fiye da shekara. Sai wani farkon wata matar ta faɗi adadin da ta faɗa a watan baya. Yaya ya ce ta sake gogawa. Ta sake. Ya karɓi katin ya hura masa iska, ya goge shi da gefen riga, ya ce ta gwada wata na'urar, wataƙila wannan ta yi datti. Ta gwada don ta faranta masa, adadin bai motsa ba. Ya koma washegari, ya koma bayan sati. Wata na gaba ma haka.

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa da sauri irin haka ba. Ya daina zuwa shan shayi. Fankokin mutane suka taru a shago ƙura ta rufe su. Da na tsare shi ya ce, "Ko dai aikin ya rasa, ko kuma ya haƙura da ni." Na ce, "To ka kira ka ji wanne ne." Ya ce, "Idan na kira yanzu da kuɗi ya tsaya, me zai ɗauka?" Amma bai fasa zuwa kantin ba, duk farkon wata yana kan layi da hankicinsa.

Wata safiya Mai Fenti ya kira ni, ya ce Yaya ya faɗi a shago. Muka kai shi asibiti, rabin jikinsa ya saki, baki ya karkace, ido a rufe. Na kira Dogo, na kira, bai ɗaga ba. Ɗakin da aka kwantar da shi akwai sanyi, zanen gadon kuma ba kauri, nas ta ce a kawo bargo da filas. Abin da ke jakata ya ƙare a wurin magani. Cikin kayan da aka cire masa aka miƙo min akwai wayarsa da hankicin nan. Na dube shi a kwance na ce, "Yaya, yau kam sai dai ka yi haƙuri."

Na je kantin, na zaɓi bargo mai taushi ruwan ƙasa, na ɗauki filas, na biya da katin. Ban kai ƙofar fita ba wayar Yaya ta fara ruri a jakata. Na zaro, na ga sunan Dogo. Na ɗaga, kafin in yi magana na ji muryarsa kamar ta ƙaramin yaro.

"Baba? Baba, na ga ka sayi kaya. Na gode, Baba. Ka yafe min."

Na jingina da bango kusa da inda ake jera kekunan sayayya. Na ce, "Dogo, Goggo ce."

A nan na ji abin da ni da Yaya ba mu sani ba. Ashe duk abin da aka saya da katin, saƙo yana shiga wayar wanda ya saye shi. Dogo ya ce duk wata yana turawa, yana zuba wa wayarsa ido, ko sau ɗaya bai ga an taɓa ba. "Ya ce ko sisina ba zai ci ba, Goggo. Na ga ya cika maganarsa. Sai na ga kamar cusa masa nake yi, na daina." Dubawar da uban ke yi kuwa ba ta nunawa a wayar, sayayya kawai take nunawa.

Na ce masa ya taho, yanzu. Ya kamo hanya a ranar, amma tafiyar tana da nisa, ya iso Yaya bai san wanda ke kansa ba. Dogo ya riƙe hannun nan mai tabon ƙuna, yana magana, yana magana, bai taɓa yi wa ubansa magana mai tsawo haka ba. Kwana biyu Yaya ya ƙara, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mutane sun ragu, Dogo ya ce in raka shi kantin, yana so ya ga inda uban ke tsayawa. Muka bi layin. Da ya miƙa katin, matar mai gilashi ta dubi hankicin, ta dube ni, ta ce, "Ina Baba? Wannan watan ban gan shi ba." Na gaya mata. Ta cire gilashin ta ajiye.

Ta dubi Dogo ta ce, "Kai ne ɗan nasa? Ai ba ya cewa in duba masa kuɗi. Cewa yake, 'Malama, duba min yaron nan.' Da kuɗin ya daina ƙaruwa, ya tambaye ni ko na'urar tana iya nuna mai turowa lafiya yake. Na ce masa ba ta nuna wannan." Ta ɗauki katin. "A duba?"

Dogo ya girgiza kai. Ya karɓa, ya naɗe shi cikin hankicin yadda uban ke yi, ya sa a aljihun gaba.

Har yau idan na tuna haushinsu nake ji, su biyun, sai kuma haushin ya koma kuka. Da Yaya ya sayi ko sabulu guda ɗaya da katin nan, da an gama magana tun watan farko. Shagon yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki. Takalmin yana nan cikin kwalinsa, ban iya yarwa ba. Bargon kuma yana wurina, shi ne kaɗai abin da Yaya ya mora daga kuɗin ɗansa, shi ma bai san an rufa masa ba.