Matar da ta Hana Sunaye Guntulewa

Kullum da safe Muqaddas Yo'ldosheva kan sauka daga bas a birnin Namangan da gurasa a jaka, ta haɗa koren shayinta, ta zauna karanta jan rubutu. Aikinta ke nan. Ita ke kula da wata tsohuwar manhaja da ke buga sunan majiyyaci a jikin kwalbar gwajin jini. Jan rubutun kuwa ƙorafin kwamfaila ne, abin da ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa yaren na'ura, wanda kan turje idan bai gamsu ba. Yawancin ma'aikata tsakinsa suke yi. Ita sauraronsa take, kamar mai jinyar tsoho mai mita.

Shekarar da aka sabunta na'urorin asibitoci, kwamfaila ya ƙi yarda a kira wani tsohon umarni na tsarin na'urar. Doniyor, abokin aikinta wanda gwani ne, ya ƙara ɗan layin da ke tilasta wa kwamfailan yin shiru. Jan rubutu ya ɓace, shugaban ofis ya ce a tura wa asibitoci manhajar.

"Ban sa hannu ba," in ji Muqaddas.

"Haba opa, ai ya daina kuka," in ji Doniyor, wanda ke kiran ta opa, wato yaya.

"Toshe masa baki ka yi, ƙanena. Ka tambaye shi me ke masa ciwo?"

Shugaba ya ce in ta ja lokaci, zai ba wani kujerarta. Muqaddas ta shigar da sunayen mata biyu don gwaji, Mavluda da Muhabbat, ta buga. Takardu biyu suka fito, kowacce da harafin M tilo. Tsohon umarnin gurbi ɗaya yake ba kowane harafi, sabon tsari kuwa biyu, na biyun fanko, tsohon umarnin kuma da ya ci karo da fanko sai ya ɗauka suna ya ƙare. Da an tura, da jinin mata biyu ya isa ɗakin gwaji ba mai rabewa. Doniyor da kansa yake ba da labarin, ya ce tare suka gyara kafin shayinta ya huce, ko da yake ya cika zuzutawa.

Mu abokan aikinki mun shaida, ke ce mai jin maganar tsofaffin na'urori, opa. Ke ce ba ki taɓa ce wa kuskure ya yi shiru ba sai kin ji ta bakinsa. Mun gode. Masu tasowa, ku karanta jan rubutun nan har ƙarshe kafin ku kashe shi.

A makon jiya ta yi ritaya. Abokan aiki suka dafa shinkafa da nama, suka kawo kek da harafin M kaɗai a kai. Ta dube shi, ta miƙa wa Doniyor wuƙar.

"Ku kai wa Mavluda," in ji ta. "Ban ga sunana ba."