Masarar da Aka Shanya a Kwalta

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Bebeji a babur, ƙanena na goye a bayana. Doguwa muka nufa, don an aiko cewa malamin da ya koya mana karatun allo jikinsa ya yi tsanani, kuma yana cigiyarmu.

A Kwanar Dangora muka tsaya shan shayi. Tsada dai ta kai mai shayin yana zuba madara kamar mai ɗiga maganin ido. Wani bakanike da ke gefe ya leƙa babur ɗina, ya ce, "Malam, tayar nan fa ta suɗe. Birkin gaban ma na ga ka sassauta shi." Dariya na yi. Mu a garinmu haka muke yi, wai kada birkin gaba ya wuntsila mutum. Na baya kaɗai muka yarda da shi.

Kaka ce, manoma duk sun shanya masara a gefen titi. Dab da Tudun Wada, a wata kwana, akuya ta faɗo mana. Na taka birki, babur ya ƙi tsayawa, na kauce na hau shanyar. Taya kwalta take kamawa, da ƙwayar masara ta shiga tsakaninsu kuwa sai sulɓi. Da birkin gabana na aiki, da na kashe gudun tun ina kan kwalta. Sai ga mu a ƙasa, hannun ƙanena ya goce.

Dattijon mai masarar ko kallon asararsa bai yi ba. "Sannunku, 'ya'yana," kawai yake ta faɗa, har ya kai mu wurin mai ɗori. A can muka yini.

Muka ratsa dajin Falgore muna rarrafe. Da magariba muka isa, muka tarar da tabarmi a ƙofar gidan Malam. Bayan azahar aka kai shi makwanci. Babban ɗansa ya riƙe hannuna ya ce, "Da hantsi ma sai da ya tambaya ko kun iso." Wallahi har yau maganar nan tana ci mini rai.

Washegari muka juyo gida. Tafiyar ta koya mini cewa birki biyu aka yi wa babur, kuma tun kafin kwana ake taka shi. Na tsaya wurin bakaniken nan ya sauya taya, ya ɗaure birkin gaba, ni kuma ina zaune wurin mai shayi. Kafin shayina ya huce ya gama.