Ranar da Aka Auna Gandunmu Kashi Huɗu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da malamin gona ya zo auna gandunmu a Badarawa. Shekarar ce na rufe shagon ɗinkina na Kaura Namoda na dawo gida, bayan rasuwar mahaifinmu. Ina da shekara arba'in amma ban iya riƙe garma ba, har abokan wasa suna ce mini mai hannun allura.

An raba mana gado yadda shari'a ta ce: ni, yayana, ƙanena da ƙanwarmu. A wajenmu idan aka raba gona, gamba ake dasawa a kan iyaka, kowa ya san nasa. Mu ba mu dasa ba. Duwatsu kawai muka ajiye don shaida, muka ci gaba da noma tare, muna zubawa a rumbu ɗaya, Inna ce ke ɗiba da ƙwaryarta kowace safiya.

Sai ga wani shirin tallafin manoma, mai ba da taki da iri da garmar shanu. Sharaɗinsa biyu: gona ta kai eka biyar da sunan mutum ɗaya, kuma mai ita ya yi damina uku yana noma. Malamin gona ya iso da hantsi, wayarsa a hannu, da ita yake zagaya gona ya auna. Ya tambayi yayana ta wa ce.

"Ta gado ce," in ji Yaya. "Kowa shi nuna nashi, kada in ci haƙƙin wani."

Tsoron Allah ne ya sa shi faɗin haka, kuma ni na ga ramin da za mu faɗa, domin na karanta takardar. Amma na ji nauyin in yi wa babba gyara a gaban baƙo, ga ni sabon shiga. Na ja bakina na yi shiru. Aka bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya, aka auna mu kashi huɗu, babu wanda ya kai. Wani Alhaji ɗan kasuwa mai makekiyar gona a maƙwabtanmu, wanda sai lokacin girbi yake leƙowa, shi ya samu.

Daminar nan geronmu ya yi ja don yunwar taki. Da kaka ƙanena ya same ni a gindin rumbu.

"Yaya, na gaji. Alhajin ga na son kashina. In ruwan shuka yas sauka ba mu da taki, ni saidawa zan yi."

Kashinsa kuwa shi ne na tsakiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina na fi jin haushi.

Ni dai in na sa abu a gaba, ba na sakinsa. Na ji masu shirin za su zauna a Shinkafi su saurari manoma. Zuwan farko aka ce sunana ba ya cikin waɗanda suka amfana, don haka ba ni da ta cewa. Na biyu aka ɗage zaman. A na uku na roƙi Inna aron ƙwaryarta, ta ba ni tana cewa in na fasa mata ita kada in dawo gida.

Wata Hajiya ce ke jagorantar zaman. Da aka gama jawaban manya na miƙe, na ɗora ƙwaryar a kan teburinta. Aka yi dariya, wani ya ce tela ya kawo fura.

Na ce, "Hajiya, ƙwaryag ga baki ashirin da ukku taka ciyarwa, daga rumbu guda. Kun aiko an ƙirga duwatsu, ba a ƙirga rumbu ba. Duk gidan da uba yam mutu, ƙa'idarku ta hidda shi. Kuma kun ce sai wanda yay yi damina ukku. To wa za ya taimaki mutum ga ta hwarko?"

Dariyar ta tsaya. Wani dattijo daga Katuru ya ce su ma haka aka yi musu, wata gwauruwa ta ce ita ma. Hajiya ta juya ƙwaryar a hannunta, ta tambayi wa zai shaida cewa tare muke noma. Na ce mai unguwa da liman, da duk wanda ya taɓa zuwa mana gayya. Ta rubuta, ba ta yi alkawarin komai ba.

Sun gyara. Aka yarda a rubuta gandu a matsayin gona ɗaya da sunayen magada duka, sabon manomi kuma ya shiga da shaidar mai unguwa. Sai dai takardar ta iso bayan ruwan shuka da kwana goma sha biyu. Ƙanena mutum ne mai cika magana, ya riga ya sayar.

Yau mu ukun muna samun tallafi, gidaje da dama a unguwarmu ma haka, kuma yanzu in na yi huɗa da garma kuyyata ba ta karkacewa. Amma kullum in zan wuce daga kashina zuwa na Yaya, sai na kewaye layi biyu na gamba da Alhaji ya dasa a tsakiyar gonar mahaifinmu. Ba na zargin ƙanena, ba na zargin Yaya. Abin da na koya shi ne, maganar da na sha wahalar kaiwa Shinkafi sau uku, da na faɗe ta a bakin gona ranar awo da ta fi amfani. Tun daga nan, in na ga za a yi kuskure, ko a gaban wa ne, sai in ce a gafarce ni, sannan in faɗa.