Na'urar da Ban Zaɓa wa Kawu Shehu ba

Shekara huɗu ke nan cif da muka kai Kawu Shehu makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in fara, in kai rabi, in tura takardar cikin durowa. In yabo ne, akwai mutane da yawa a unguwarmu ta Kwararafa, cikin Jos, da suka fi ni iyawa, kuma sun fi ni cancanta. Ni abin da nake da shi labarin wata 'yar na'ura ne da ya ce in zaɓa masa, da abin da ya biyo bayan rashin zaɓar.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma a gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Tun yana saurayi ya yi kanikanci a wani kamfanin haƙar kuza. Da aikin ya mutu sai ya buɗe shagon kayan gyaran mota. Ni labarin ƙasa na karanta a jami'a can Naraguta, amma shi Injiniya yake kirana, wai duk wanda ya shekara huɗu yana auna ƙasa ai ya zama injiniya ko da takarda ba ta faɗa ba.

Yana da aboki tun zamanin kuza, Baba Pam. Pam ke tuƙa injin tona ƙasa, Kawu ke gyarawa, kuma har tsufansu ba su daina gardama a kan wanda ya fi lalata injin ba. Baba Pam Kirista ne, manomi, gidansa can bayan Rayfield, inda kwalta take ƙarewa hanya ta rarrabu tsakanin kududdufan kuza da shingen kerana. Ciwon ƙafa ya hana shi tafiya, don haka Kawu ya ɗauke masa zuwan. Lahadin farko ta kowane wata, bayan azahar, lokacin da an taso daga coci, Kawu zai ɗauki gishiri da goro ya tafi shi kaɗai, ya dawo da acca da dankalin turawa a but ɗin mota. Ko a shekarun da gari ya lalace da rikicin addini, kowa ya fara lura da unguwar da zai bi da wadda zai kauce wa, bai fasa ba. Hajiya, matarsa, ta yi magana har ta gaji. A lokacin kuma babu sabis na waya a can, balle a ce a gaisa daga nesa.

Wata Asabar Kawu ya ce in raka shi gidan mai. Muna cikin layi ya ba ni labarin wani oga daga Rayfield da ya zo shagonsa da wata ƙaramar kwamfuta kamar tafin hannu, an manna ta a gilashin gaba, tana karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam tana nuna wa direba inda yake. Ya ce ɗansa Nura, da ke karatu a Ingila, zai zo Babbar Sallah nan da wata biyu, kuma ya yarda zai zo masa da irinta in aka faɗa masa wadda zai sayo. Ni zan zaɓa. Dariya na yi, na ce wa zai nuna wa Kawu hanya a Jos?

Bai yi dariyar ba. Ya ce a watan da ya wuce, yana dawowa daga gidan Pam, ya iso wata mararraba tsakanin kududdufai biyu, wurin da ya fi shekara talatin yana bi, ya taka burki ya rasa ina ne dama ina ne hagu. Ya yi ta zagaye har la'asar ta yi sanyi, sai wata mata mai ɗauke da itace ta nuna masa.

"Kada Hajiya ta ji," in ji shi. "Kai kaɗai na gaya wa, don kai ka yi karatun abin."

Ba zan ce ban ɗauki aikin da muhimmanci ba. Wataƙila ma na ɗauke shi da muhimmanci fiye da kima. Kusan kullum in na tashi aiki sai na biya shagon intanet a Taminos, in zauna ina jiran shafi ya buɗe. Na gano akwai wadda ake cusa mata makarɓin tauraron a ka, akwai wadda makarɓin daban yake, a ɗora shi a kan dashbod, a ja waya zuwa wurin kunna sigari. Wata allonta ba ya ganuwa cikin rana. Wata in batirinta ya ƙare ƙaf, duk abin da aka zuba mata ya tafi, ga mu kuma da halin wutarmu. Kusan dukansu da ɗan tsinke ake taɓa su, ni kuwa na san yatsun Kawu ba za su iya da shi ba. Babbar matsalar ita ce taswira. Duk wadda na duba, Jos ɗigo ɗaya ce, sai layin da ya nufi Bauchi, da wanda ya nufi Akwanga, da na Zariya. Babu Kwararafa, balle gidan wani manomi a bayan Rayfield.

Nura ya rubuto mini sau uku ko huɗu yana tambaya. Kowane karo sai in mayar masa da dogon bayani, wannan tana da kaza amma ba ta da kaza, waccan tana da kyau sai dai ban tabbata ba. A na ƙarshe ya ce, Yaya Auwalu, suna ɗaya kawai nake so. Na ce ya ba ni mako guda.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Na san Kawu ba ya buƙatar taswirar Jos. Irin waɗannan na'urori suna iya ajiye sawun hanyar da aka bi, su zana ta a allo, in mutum ya dawo ya bi layin kamar yadda ake bin zare. Na yi aiki da makamanciyarsu da hannuna lokacin da malamanmu suka fitar da mu awon ramukan kuza. Abin da ake buƙata shi ne Lahadi guda, in zauna kusa da shi, mu je mu dawo tun yana tuna yawancin hanyar. Kowacce daga cikin ukun da na fi dubawa za ta iya wannan.

To me ya hana ni? Na yi ta tunanin ranar da za ta mutu masa a tsakiyar kududdufai. Na yi tunanin ya kafa wa allo ido ya buge wani. Waɗannan ba tsoron banza ba ne, har yau ina ganin haka. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai wani tsoron a ƙarƙashinsu, kuma ina jin shi ya fi ƙarfi: kada wani abu ya faru a ce ai Auwalu ne ya zaɓa. Makon ya wuce ban aika sunan ba, Nura ya iso da turare da agogo. Kawu ya ɗaura agogon, ya sa masa albarka, bai ko dubi inda nake ba.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki na je wurin Hajiya. Na gaya wa kaina shawara zan nema. Ina zama na zazzage mata komai, har da matar mai itace. Ta yi kuka, ta kira manyan 'ya'yansa, kafin mako ya zagayo makullin mota ya bar aljihunsa. Daga baya likita ma ya ce bai kamata ya riƙa tuƙi shi kaɗai ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan magana. Mai yiwuwa karɓe makullin daidai ne. Sai dai ba wanda ya tambayi yadda za a yi da Lahadin, domin a ɓoye kowa ya ji daɗin an daina tafiyar. Ni da ke da lasin tuƙi, na kuma san dalilin komai, na ce zan kai shi in gari ya ƙara lafawa, in na sami wanda ya san wajen, in damina ta wuce.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya kawai, ina wucewa ta ƙofar shago, yana zaune a benci, ya ɗago ya ce, "Injiniya, har yanzu ana binciken?" Yana murmushi ya faɗa. Na ce saura kaɗan, Kawu. Kafin damina ta biyu ta zo, masallacin unguwa ma sai an riƙe masa hannu. Ya rasu shekara ɗaya da 'yan watanni bayan an karɓi makullin.

Wani lokaci nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Waya ta shiga hannun kowa, har 'yan acaɓa, kuma an ce wasu sababbin wayoyin da kansu suke nuna hanya. Motocin Rayfield da yawa yanzu suna da abin a gilashi, har da muryar mace mai cewa a bi dama. Ina kyautata zaton zai ce shi yana da mai ba shi umarni a gida, ba ya neman ta biyu a mota. Zai yi mamakin yadda gine-gine ke cinye gonakin bayan Rayfield. Abin da zai fi ɓata masa rai, in na san shi, shi ne yadda yaran unguwarmu suke tasowa ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma ba sa ganin sun rasa komai. Amma ban cika son yi masa baki ba. Na riga na yi magana a madadinsa sau ɗaya, kuma ƙarya na yi.

Ranar sadakar ukunsa ce. Wata tasi ta tsaya a bakin layinmu, wata mata ta fito ta kamo wani tsoho, kusan ɗauke shi ta yi. Ba wanda ya san shi sai Hajiya, da ta leƙo ta ce Baba Pam ne da 'yarsa. Shiga Kwararafa a waɗannan kwanaki ba ƙaramin abu ba ne gare shi, kowa a wurin ya san haka. Aka shimfiɗa masa tabarma cikin mutane, ya yi gaisuwa, ya zauna. Can ya nuna ni ya ce ni ne Injiniyan, Shehu ya cika masa kunne da labarina. Ya kama hannuna ya ja ni kusa.

"Da ya daina zuwa, na ce ma yara kada kowa ya ga laifinsa," in ji shi. "Gari ya yi zafi, mutum yana da iyali. Ko ni ne, zan ji tsoro. Ban riƙe shi a zuciya ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na sha ba kaina hujja. Iyalin ba sa son a riƙa yaɗa irin ciwon da ya yi, wurin kuma cike yake da mutane. Duk da haka na san in na fara bayani dole in kai ga kaina, shi ya sa na gaskata masa abin da ba haka ba. Tsohon ya yafe wa abokinsa laifin da bai yi ba, ya hau tasi ya koma da shi.

Shagon yanzu na wani ne, an sayar da motar, acca kuma a kasuwa muke saye. Abin da ya rage na Kawu shi ne abin da mutane ke riƙe da shi game da halinsa. A Kwararafa ana tuna shi da kirki da barkwanci, kuma haka yake. Amma halin da ya fi tsada a wurinsa, wanda ya yi ta sa kansa a hanya dominsa lokacin da wasu suka janye, shi ne wanda na bari aka goge a gidan da ya fi dacewa a san shi. Sau biyu na shirya in je. Na san in na yi tambaya zan gane gidan, ba wani ɓoyayyen wuri ba ne. Duk biyun na kai ƙarshen kwalta, na tsaya, na juyo.

An ce mini Baba Pam yana nan da rai, kuma 'yar tasa malamar makaranta ce. Ban sani ba ko tana karanta wannan jarida. In shafin nan ya kai hannunta, ko hannun wani da ya san gidan, ina roƙo a zaunar da tsohon a karanta masa a hankali. Baba, Shehu bai ji tsoron gidanka ba ko na rana ɗaya. Hanya ce ta ɓace masa, ya ɓoye wa kowa, ya nemi taimako wurin mutum guda don ya ci gaba da zuwa, mutumin bai taimake shi ba. Ni ne, Auwalu, wanda ka riƙe wa hannu a kan tabarma.