Bishiyoyin da Suka Fito da Baba Tsakar Gida

Yayana ne ya kawo zanen, na fenti ne a cikin firam, daga wurin masu gwanjon kayan Turai a bakin babbar kwatar unguwarmu Nima. Firam ɗin yake so, ya sa hoton aurensa. Zanen kuwa ya zare ya miƙo mini, wai in riƙa rufe tukunya da shi. Ban ga laifinsa ba, don dabbare-dabbaren kore da rawaya ne kawai, kamar yaro ya yi ɓarin miyar kuka a tabarma. Ɗakunanmu kuma ba a ja da baya a cikinsu, kana matsawa ka ci karo da bango.

A lokacin Baba ya daɗe bai leƙo waje ba. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki ya ce ba zai ja ƙafa a gaban 'yan haya ba. Likita ta ce in bai riƙa takawa ba ƙafar za ta sandare. Na yi lallashi, na yi faɗa, ni da bakina ba shi da linzami, duk a banza. Tsoro nake ji ƙwarai kada ya ƙare a gadon nan.

Ran nan ina shara, na rataye zanen a wata ƙusa can ƙarshen tsakar gida don kada ya jiƙe. Sai na ji muryar Baba daga ɗaki: "Ke, wa ya kawo kaɗanya gidan nan?"

Na shiga na tsaya kusa da gadonsa, na hango ta ƙofa. Ikon Allah! Bishiyoyi ne, rana na ratsa ganyensu, inuwa ta kwanta a ƙasa shuɗi-shuɗi, har kamar iska na kaɗa su. Ni da na tashi inda inuwarmu ta kwano ce, sai na ji sanyi a raina.

"Irin na gonarmu ne a arewa," in ji shi. "Kawo shi nan."

"Ai ba shi da ƙafa, Baba. Kai ke da ita."

Ya zage ni son ransa, sannan ya ce in miƙo sanda. Ya fito yana jan ƙafar, matan gida suka juyo daga bakin murhu suna kallonsa. Da ya isa dab da zanen, bishiyoyin suka watse, suka koma fenti.

"Ina suka tafi?"

"Ja baya kaɗan, Baba."

Ya ja, ya ƙara ja, sai da ya kai tsakiyar gida suka dawo. Ya daɗe yana kallo, gumi na zuba masa. Wata maƙwabciya ta ce, "Sannu, Alhaji, mun yi kewarka." Bai kalle ta ba, amma ya amsa.

"Ɗauko mini benci," ya ce da ni. "Nan ne wurin ganinsu. Gobe ma nan za ki ajiye shi."